Tarihin Na'urorin Wasa na Hannu da Wasannin da Suka Ƙi Tsufa

Sana'ar ƙera na'urorin wasan bidiyo na hannu, wato ƙananan na'urori masu aiki da batir waɗanda allon kallonsu da madannansu ke haɗe a jiki ɗaya, ta fara ne a Amurka a tsakiyar shekarun 1970, ko da yake a Japan ta yi tashe har ta zama ciniki na duniya. A shekarar 1976 kamfanin kayan wasan yara na Mattel ya fitar da Auto Race, wanda motocinsa ɗigo-ɗigon jar wuta ne kawai masu tafiya a kan layi, sannan a 1979 kamfanin Milton Bradley ya fitar da Microvision, na'urar hannu ta farko da ake sauya mata kaset, wato ɗan akwatin roba mai ɗauke da wasa guda wanda ake cirewa a sa wani. Microvision ba ta yi nisan kwana ba, domin allonta na saurin lalacewa, wasanninta kuma ba su wuce goma sha 'yan kai ba, saboda haka zuwa 1981 an daina ƙera ta.

Wanda ya tsayar da sana'ar da ƙafafunta shi ne Gunpei Yokoi, injiniyan lantarki da ya kama aiki a 1965 a kamfanin Nintendo na birnin Kyoto, kamfanin da Fusajiro Yamauchi ya kafa tun 1889 domin buga karta irin ta Japan da ake kira hanafuda. An ɗauki Yokoi ne don ya riƙa kula da injinan buga karta, amma shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya ga wani hannun wasa mai miƙewa da naɗewa da ya haɗa a lokacin hutunsa, ya sa aka mayar da shi haja mai suna Ultra Hand a 1966, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga nan Yokoi ya koma sashen ƙirƙira, inda ya tsayar da wata ƙa'ida da ta zama jigon aikinsa baki ɗaya: kada a bi sabuwar fasaha mai tsada wadda ba a gama sanin halinta ba, a ɗauki tsohuwar da ta riga ta yi arha kuma aka san laifinta da amfaninta, a nemo mata aikin da ba wanda ya taɓa sa ta. Game & Watch, wadda ta fito a watan Afrilun 1980, ita ce shaidar farko ta wannan ƙa'ida, domin allonta irin na kalkuleta ne, wanda gasa tsakanin kamfanonin Japan ta riga ta karya wa farashi. Kowace na'ura wasa ɗaya ne a cikinta tare da agogo, kuma an sayar da kimanin miliyan 43 kafin a daina ƙera ta a 1991. A kan samfurinta na Donkey Kong na 1982 ne aka fara sa madannin nan mai rassa huɗu, sama da ƙasa da dama da hagu, wanda babban yatsa ɗaya ke sarrafawa, kuma har yau kusan duk na'urar wasa tana ɗauke da shi ko wani abu da ya gada daga gare shi.

Na'urar Game Boy ta Nintendo ta fito a Japan ranar 21 ga Afrilun 1989, ta isa Amurka a ƙarshen Yulin wannan shekara, kuma tun ranar fitowarta ta kasance baya da abokan gasarta a fasaha. Allonta mai ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye ba shi da launi sai matakai huɗu na wani kore-kore mai duhu da haske, ba shi kuma da fitila a bayansa, ta yadda mai wasa da dare sai ya kusanci wuta kafin ya ga abin da yake yi. A wannan shekarar kamfanin Atari ya fitar da Lynx mai allo mai launi da haske, a 1990 kuma Sega ya biyo da Game Gear. Amma Lynx tana kusan dala 180, Game Gear tana kusan dala 150, alhali Game Boy tana kusan dala 90. Kuma abin da ya fi farashin muhimmanci shi ne kowace daga cikin masu launin tana cinye batir shida cikin sa'o'i uku zuwa biyar, yayin da batir huɗu ke kai Game Boy sa'o'i 15 ko fiye. Yokoi da abokin aikinsa Satoru Okada sun fahimci cewa na'urar da za a ɗauka a tafi da ita a mota ko a jirgi ba ta da amfani idan ta mutu a tsakiyar hanya, kuma iyayen da ke sayen batir su ne za su yanke hukunci. Ƙarshen gasar ya nuna cewa sun yi daidai, domin Game Gear ta tsaya a kan kimanin miliyan 10, Game Boy kuwa, idan aka haɗa da ƙanwarta mai launi ta 1998, ta haura miliyan 118. Ƙarfin jikinta ma ya zama abin ba da labari: wata da ta ƙone a barikin sojoji lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 ta yi shekaru a ajiye a shagon Nintendo na birnin New York, robarta a narke, amma tana ci gaba da nuna wasa.

Wasan da ke cikin waccan ƙonanniyar na'ura shi ne Tetris, kuma babu wasan da ya kai shi cancantar a tsaya a kansa. Alexey Pajitnov ne ya tsara shi a 1984 a cibiyar kwamfuta ta Kwalejin Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet da ke Mosko, a kan wata kwamfuta mai suna Electronika 60 wadda ba ta ma iya nuna hoto, sai da alamomin rubutu ya zana tubalansa. Tsarin wasan gajere ne: siffofi bakwai, kowace an haɗa ta da murabba'i huɗu, suna faɗowa daga sama ɗaya bayan ɗaya, mai wasa yana juya su yana jera su, duk layin da ya cika daga gefe zuwa gefe sai ya ɓace, gudun faɗowar kuma yana ƙaruwa har sai tulin ya kai sama. Da yake a tsarin Sobiyet abin da ma'aikaci ya ƙirƙira na hukuma ne, ikon sayar da wasan yana hannun wata hukumar cinikin waje mai suna Elorg, kuma wurinta ne Henk Rogers, ɗan kasuwa haifaffen Holan mai zaune a Japan, ya je a watan Fabrairun 1989 ya samo wa Nintendo izinin sa shi a na'urar hannu. Shi ne kuma ya shawo kan Minoru Arakawa, shugaban Nintendo a Amurka, cewa a haɗa Tetris cikin kwalin kowace Game Boy maimakon wasan Mario, bisa hujjar cewa Mario na yara maza ne, Tetris kuwa na kowa da kowa. An sayar da kimanin kaset miliyan 35, duk da cewa wasan gaba ɗayansa kilobait 32 ne, wanda bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar zamani ba. Abin takaici a tarihin shi ne Pajitnov bai fara samun rabonsa ba sai a 1996, bayan ya koma Amurka ya kafa kamfani tare da Rogers.

Ƙarancin kayan aiki ya tilasta wa masu tsara wasannin Game Boy wata tarbiyya da ita ce sirrin daɗewarsu. Da yake allon ƙarami ne kuma babu launin da zai ɓoye kuskure, dole kowane abu da ya bayyana ya zama ana gane shi da kallo ɗaya. Da yake madannan aiki biyu ne kawai ban da na tafiya da ƙanana biyu na farawa da zaɓi, dole dokokin wasa su zama waɗanda hannu zai koya cikin 'yan mintoci. Da yake kuma ana iya kiran mai wasa a kowane lokaci, dole a yanka wasan gunduwa-gunduwa yadda za a ajiye a dawo. Kirby's Dream Land na 1992, wanda Masahiro Sakurai ya tsara yana matashi, an yi shi ne da gangan don wanda bai taɓa riƙe na'urar wasa ba. The Legend of Zelda: Link's Awakening na 1993 ya wuce haka nesa, domin a cikin wannan ɗan allo ya gina tsibiri guda mai suna Koholint, da ƙauyukansa da kogunansa da kayan kiɗa takwas da jarumin ke tarawa don ya tayar da wata halitta daga barci, yana kuma gano sannu a hankali cewa tsibirin da mutanen da ya saba da su mafarkin halittar ne, kuma farkawarta ita ce ƙarshensu. Labari ne mai sosa rai wanda aka faɗe shi da 'yan kalmomi, kuma da Nintendo ya sake ƙera wasan a 2019 da hotuna na zamani, taswirar tsibirin da tsarin wasan kusan yadda suke aka bar su.

A lokacin da Game Boy ta kusa cika shekara bakwai, ana ganin kasuwarta ta kusa mutuwa, sai ga wasan Pokémon a ranar 27 ga Fabrairun 1996. Satoshi Tajiri, shugaban ƙaramin kamfanin Game Freak, ya tashi yana tara ƙwari a Machida da ke gefen birnin Tokyo, kuma da ya ga kebul ɗin da ke haɗa Game Boy biyu, wanda har lokacin gasa aka fi yi da shi, sai ya yi tunanin a mayar da shi hanyar musaya. An yi kusan shekara shida ana aikin wasan, aka fitar da shi a kaset iri biyu, kowanne da wasu halittun da babu su a ɗayan daga cikin jimillar 151, wasu halittun ma ba sa rikiɗa zuwa matakinsu na ƙarshe sai an miƙa su ga wani ta kebul. Ma'anar wannan ita ce ba wanda zai kammala tarinsa shi kaɗai, dole ya nemi aboki su zauna gwiwa da gwiwa, kuma wannan ne ya mayar da wasan kaɗaici abin hira a filin makaranta. Yokoi bai ga ƙarshen wannan tashe ba, domin ya bar Nintendo a 1996, shekara guda bayan na'urarsa ta Virtual Boy ta kasa karɓuwa, ya kuma rasu a haɗarin hanya ranar 4 ga Oktoban 1997. Na'urorin da suka biyo baya, Game Boy Advance a 2001 da Nintendo DS a 2004, sun ci gaba da bin ƙa'idarsa, har DS ta kai miliyan 154, ta zarce PSP ta kamfanin Sony wadda ta fi ta ƙarfin inji.

Yawancin matasan ƙasar Hausa ba ta hannun Nintendo suka san wannan gado ba. Sun san shi ne ta 'yan na'urorin roba masu arha ƙirar Sin, waɗanda aka rubuta wa alƙawarin dubban wasanni a jiki alhali galibinsu Tetris ne da aka sauya wa gudu, sai kuma wasan maciji na wayoyin Nokia, wanda aka fara sa musu a 1997, ya kuma bazu a Najeriya bayan zuwan wayar salula a 2001.

Mai neman tsofaffin wasannin a yau yana fuskantar matsalolin da tsufan kayan ya haifar. Kaset ɗin da ke ajiye wurin da mai wasa ya tsaya, irin na Zelda da Pokémon, yana da ɗan batir mai kama da kwabo a cikinsa, wanda idan ya mutu duk abin da aka ajiye ya tafi; na Pokémon Gold da Silver na 1999 ya fi saurin mutuwa domin yana kuma tafiyar da agogo, sai dai mai gyaran waya da ya iya dalma zai iya sauya shi. Kasuwar gwanjo kuma cike take da kaset na jabu, musamman na Pokémon, waɗanda ake ganewa ta dishi-dishin takardar jikinsu da kuma idan aka buɗe aka duba allon lantarkin ciki. Hanyar saye ta intanet ma ba tabbatacciya ba ce, domin a watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe shagon na'urar 3DS inda ake sayar da da yawa daga cikin wasannin, bayan ya fara sa wasu a tsarin biyan kuɗin rajista na na'urarsa ta Switch a watan Fabrairun wannan shekara, cikinsu har da Tetris da Kirby's Dream Land da samfurin Link's Awakening mai launi, waɗanda mai rajista ke bugawa muddin yana biya amma ba ya mallakarsu.