Ma'anar "dead weight" a Turanci da yadda take shafar ciniki

"Dead weight" lafazi ne na Turanci da ke nufin nauyin abin da ba ya motsi, ba ya kuma taimakon mai ɗaukarsa, kamar buhun gero a kan ɗan dako ko mutumin da ya suma. Daga wannan tushe ne sauran ma'anoninsa suka tsiro, kowace da fagenta.

A cinikin dabbobi, lafazin na nufin nauyin naman dabba bayan an yanka ta, an feɗe, an cire kai da ƙafafu da kayan ciki. Kishiyarsa "live weight", wato nauyinta tana raye. A wajen shanu, naman yakan tsaya kusan rabin nauyin dabbar ko da 'yar ɗoriya. Saboda haka falken da ya sayo bijimi mai kilo 300 a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ya kuma sa hannu a takardar da ta ce za a biya shi bisa "dead weight", kuɗin kilo 150 ko sama da haka kaɗan zai karɓa.

A sufurin jiragen ruwa, "deadweight" shi ne iyakar nauyin da jirgi zai iya ɗauka ba tare da haɗari ba, da suka haɗa da haja, mai, ruwan sha da ma'aikata, ban da nauyin jirgin kansa. Dokar da Samuel Plimsoll ya yi fafutukar samarwa a Ingila a 1876 ce ta tilasta zana alamar iyakar lodi a jikin jirage.

Injiniyoyi kuwa "dead load" suke cewa ga nauyin gini shi kansa. A gadar da ke kan hanyar Zurmi, siminti da ƙarafanta ne "dead load", tirelolin da ke bi ta kanta su ne "live load". Haka lissafin yake a layin dogon da ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya a 1929.

A ofis, idan aka kira ma'aikaci "dead weight", an ce masa cima-zaune ke nan, kuma zargi ne mai nauyi a rahoton aiki.

Duk wanda ya ci karo da lafazin a takardar yarjejeniya, ya nemi a fayyace masa wane nauyi ake nufi kafin ya sa hannu, gudun cinikin biri a sama.