Ali Nuhu

Ali Nuhu Mohammed ɗan wasan fim ne kuma darakta, wanda 'yan masana'antar Kannywood ke kira Sarki. An haife shi a Maiduguri ranar 15 ga Maris, 1974. Mahaifinsa mutumin Balanga ne a Jihar Gombe, mahaifiyarsa kuwa 'yar Bama ce a Borno. Ya tashi tsakanin Kano da Jos, ya karanci ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Jos, ya yi bautar ƙasa a Ibadan.

Ya fara fitowa a 1999 cikin Abin Sirri Ne, amma Sangaya na kamfanin Sarauniya ne ya kai fuskarsa gida-gida, inda ya fito a matsayin yarima tare da Fati Mohammed. Zamanin kaset ne lokacin, ana ɗauko fim haya a shago, a taru a tsakar gida bayan isha'i. Da ya kafa kamfaninsa na FKD sai ya haɗa wasa da ba da umarni, ya yi Mujadala, ya riƙe salon soyayya da waƙa da rawa. A nan ne aka fi sukarsa. Malamai da marubuta sun ce kwaikwayon Indiya ne tsagwaronsa, kuma maganar tasu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai Bahaushe ya yi shekara da shekaru yana cika silima don kallon fim ɗin Indiya tun kafin a haifi Ali. Abin da Ali ya yi shi ne ya ba masu kallon irin labarin da suke so, cikin harshensu.

Babban aikinsa, a ganina, shi ne ƙetarawa Kudu. A lokacin da furodusoshin Legas ba sa waiwayar ɗan wasan Kano, ya fito a Sitanda na Izu Ojukwu, wanda ya kawo masa lambar yabo ta AMAA a 2007. Last Flight to Abuja ya biyo baya a 2012, sai Confusion Na Wa a 2013. Duk da haka bai saki gida ba. A 2017 ya ba da umarnin Mansoor, ya damƙa manyan rawa a hannun Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, kamar yadda ya saba ɗauko matasa ya raine su a FKD. Da kallo ya koma waya, ya bi shi can da shiri mai dogon zango na Alaƙa, wanda mai shago a Gwarinpa zai iya buɗewa a YouTube yana jiran ciniki.

A Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Hukumar ce ke kula da cibiyar koyar da aikin fim da ke Jos, ita ce kuma ke shirya bikin fina-finai na Zuma a Abuja.