Kwanso, Dalma da Albarushi: Yadda Ɗurin Harsashi Ya Kuɓuce wa Ƙasar Zazzau

A Amurka akwai mutanen da ke ɗura harsasan bindigarsu da hannunsu, kamar yadda wani ke ɗinka wa kansa riga don sha'awa. Mai koyo yakan sayi ƙaramin injin matsi, da ma'auni mai auna abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba, da littafin ƙa'idoji, sannan ya nemi wani tsohon hannu ya zauna kusa da shi. Wanda ya ci karo da bidiyon irin waɗannan mutane a YouTube yana zaune a Samaru ko Sabon Gari zai iya ɗauka cewa wannan al'ada ce ta Turawa zalla. Alhali a ƙarshen ƙarni na 19 ɗurin harsashi ya kasance sana'a a Afirka ta Yamma, har ma al'amarin mulki, domin da shi ake gane daular da za ta jure yaƙi da wadda bindigoginta za su koma sanduna bayan arangama biyu. Dalilin da ya sa sana'ar ta zama abin nishaɗi a can, ta kuma zama laifi a nan, yana cikin abin da ya faru tsakanin 1866 da 1903.

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanson tagulla, akwai albarushin da ke cikinsa, akwai dalmar da ke bakinsa, sai kuma wani ɗan maɓalli a gindin kwanson wanda ke ba da tartsatsi idan ƙarfen bindiga ya doke shi. Bari mu kira shi ƙyastun harsashi. Idan an harba, uku sun tafi, kwanso kaɗai ke saura, kuma shi ne mafi tsada. Ɗuri shi ne mayar wa kwanson da abubuwa ukun da ya rasa. Duk labarin da ke tafe yana rataye ne a kan tambayar wanne daga cikin huɗun nan maƙerin ƙasarmu zai iya samarwa, wanne ne kuma ba makawa sai jirgin ruwa ya kawo.

Kafin zuwan kwanso, kowane mai bindiga maɗuri ne. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura tsumma, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda, ƙanƙarar da ke kunnenta kuma ta ba da wuta. Ta daɗe a wannan yanki. Mai Idris Alooma na Borno ya riƙe mayaƙa masu bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarni na 16, kuma Tarihin Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Amma ba ta kori baka ba. A 1826 Hugh Clapperton ya raka rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobirawa, ya ƙirga bindigogi arba'in da 'yan kai a tsakanin mayaƙa dubbai, ya kuma lura da yadda mai bindiga ke harbi ya ruga baya don ya sake ɗuri. Cikin lokacin da ɗuri ɗaya ke ci, gwanin baka ya saki kibau da yawa, kuma da damina albarushi kan sha raɓa ya ƙi tashi. Darajar bindigar toka tana wani wuri dabam: kusan duk abin da take ci ana iya samunsa a gida ko a kasuwa. Maƙeri na gyara ta, dalma na zuwa da fatake, albarushi kuma ko a saya ko a haɗa shi.

Sai Turai ta sauya wasan. A 1866 Ingila ta fara mayar da bindigogin sojanta masu ɗuri ta baya, wato Snider, ta biyo da Martini-Henry a 1871, Faransa kuma ta fito da Gras a 1874. Waɗannan bindigogi sun fi nisa, sun fi saiti, kuma soja na iya ɗura su yana kwance. Sai dai kowacce da irin kwanson da take ci, kwanson kuwa da ƙyastunsa aikin masana'anta ne. Wani abin dariya a nan: a shekarar 1866 ɗin ne wani hafsan Ingila, Edward Boxer, da wani Ba'amurke, Hiram Berdan, kowanne ya fito da nasa tsarin ƙyastu. Amurka ta rungumi na Baturen Ingila, wanda ke da sauƙin cirewa a sa sabo, Turai kuma ta fi karkata ga na Ba'amurken, wanda ke da wuyar sauyawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ɗuri ya zauna da gindinsa a Amurka. Maharban ɓaunar ƙasar a shekarun 1870 sukan ɗura harsasansu a sansani da dare, kuma zuwa 1884 wani kamfani mai suna Ideal ya fara sayar wa talakawa kayan ɗuri na hannu. Mai koyo a can yana da kantin da zai je.

Sarakunan Afirka kuwa an rufe musu kantin da gangan. A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda aka yi da sunan yaƙi da cinikin bayi. Ta hana sayar da bindigogin zamani da harsasansu a faɗin Afirka daga layin digiri 20 na arewa zuwa digiri 22 na kudu, ta bar bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ko me mutum zai ce game da niyyar da aka rubuta a takarda, sakamakon a fili yake: an bar wa mutanen ƙasa makamin da ba zai tsare musu gari ba, an riƙe wanda zai iya. Kuma kafin nan, a 1884, Paul Vieille na Faransa ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda haɗa shi sai ɗakin binciken sinadarai. Tazarar ta ƙara faɗi.

Mutum biyu ne suka fi kowa ƙoƙarin cike wannan tazara. Samori Ture, a ƙasar Mandinka, ya sayi bindigogi ta hanyar Firitawun, da hanyar ta toshe sai ya koma ga maƙeransa. Sun kwaikwayi bindigar Gras sassa-sassa da hannu, sun kuma riƙa ɗura harsasai, har ta kai mayaƙansa na tsince kwansunan da suka zube a fagen fama, nasu da na abokan gaba, su mayar wa maƙera. Da wannan dabara, tare da ja da baya mai tsari, ya yi shekaru yana wahalar da Faransa kafin a kama shi a Satumba 1898. Rabeh kuwa, bayan ya ci Borno a 1893, ya mai da Dikwa cibiyar gyaran bindigogi da haɗa albarushi, yana ta aika fatake neman kayan da ba ya iya yi. An kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Dukansu biyu sun nuna cewa maƙerin Afirka na iya kwaikwayon ƙarfe komai sarƙaƙiyarsa. Abin da ya fi ƙarfin maƙera shi ne sinadarin ƙyastu da kuma yawa, domin abin da gungun maƙera za su wuni suna ɗurawa, bindigar Maxim guda na iya cinye shi kafin a gama alwala: harsashi wajen 600 take fitarwa a minti.

Zazzau ta bi wata hanya, kuma a ganina tafi koyar da darasi game da siyasa fiye da fasaha. Sarki Yero, a shekarun 1890, ya kafa rundunar bayi 'yan bindiga, makamansu kuma daga kudu suke zuwa ta wajen Lakwaja, inda Kamfanin Neja ke ciniki. M. G. Smith ya yi bayanin wannan a littafinsa kan tsarin mulkin Zazzau da ya fito a 1960. Rundunar ta ba sarki ƙarfin da bai dogara da dawakin hakimai ba, kuma da Yero ya rasu a 1897 wannan ƙarfi ya taimaka wa ɗansa Kwasau ya hau gadon sarauta, ko da yake Wazirin Sakkwato ya zo da wata niyyar. Amma runduna ce da abincinta ke hannun baƙo. Ta isa ta tsorata 'yan takara a cikin birni, ba ta isa ta hana Sarkin Kwantagora kai hari ba, har ta kai Kwasau ya nemi taimakon Turawa. Sojojinsu suka shigo Zariya a 1902, kuma ba a daɗe ba suka tube shi suka tura shi Lakwaja, garin da bindigogin mahaifinsa suka fito. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji ɗaruruwa, da Maxim huɗu da igwa, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris.

Abin da Turawa suka yi bayan nan shi ne mayar da yarjejeniyar Brussels dokar cikin gida. Harsashi ya koma bariki. A Zariya kanta, inda aka kafa cibiyar horar da kuratan soja a 1924, ɗan ƙauyen da ya shiga soja yakan koyi harbi da harsasan da aka ƙirga aka ba shi, a kuma bukaci ya dawo da kwansunan a ƙirga; ba a koya masa ɗuri, kuma ba a so ya koya. Manomin da ke gefen gonar dabbobi ta Shika, wadda aka buɗe a 1928, ko kusa da tashar binciken noma ta Samaru, an bar shi da bindigar toka don birai da gwanki. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta gaji wannan rabo. Ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, na kai waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba lasisi, da masu ɗuri ta baki waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ta kuma hana ƙera ko haɗa makami da harsashi ba tare da izini ba. Saboda haka abin da matashin Amurka ke koyo a garejin gidansu, a Najeriya aiki ne na kamfanin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, duk wanda ya gwada shi a ɗakinsa kuwa ya sayi ɗauri.

Ɗurin da ya rage a hannun jama'a shi ne tsohon, na baki, kuma har yanzu ana koyonsa yadda aka saba, ta hanyar bin na gaba. Yaron maharbi yakan daɗe yana ɗaukar jaka da gorar albarushi kafin a bar shi ya ɗura, domin kuskuren mai koyo sananne ne: ya cika awo don son ƙara, ko ya manta ya ɗura sau biyu, bututun ya fashe a hannunsa. Bindigogin da ake ƙerawa da bututun ruwa sun ƙara wannan hatsari, kuma ba a rasa tsofaffin maharba masu guntulallun yatsu a ƙauyuka. A hawan Sallah a Zariya ana ganin ragowar waccan runduna ta fada, 'yan bindigar sarki suna harba albarushi ba dalma, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar fada, yara na toshe kunne.

Kalmar ma ta sauya hannu. A zamanin Yero 'yan bindiga bayin sarki ne masu muƙami. Yau idan aka ambace su a ƙaramar hukumar Giwa, inda Shika take, maharan daji ake nufi. Su ma ba sa ɗuri. AK-47 da ke hannunsu harsashin masana'anta take ci, yawancinsa mai kwanson ƙarfe da ƙyastun Berdan, irin wanda ba a yi shi don a sake ɗurawa ba. Shi ya sa labaran kamen da jami'an tsaro ke yi a hanyoyin Arewa maso Yamma suka fi yawa a kan masu safarar harsasai, a cikin buhunan hatsi, ko jarkokin mai, ko ƙarƙashin kujerun mota. Ɗan sa-kan da ke gadin ƙauyensa da dare kuwa yana riƙe da bindigar da Clapperton zai gane da gani ɗaya, kuma idan ya harba sai ya nemi inda zai fake ya sake ɗuri.