Konstantin Tsiolkovsky (1857–1935)

Malamin makaranta ne ɗan ƙasar Rasha, wanda ya nuna da alƙaluma cewa roka za ta iya barin duniya ta shiga sararin samaniya. An haife shi a ƙauyen Izhevskoye na lardin Ryazan. Wasu littattafai sun ce ranar 5 ga Satumba, wasu 17 ga watan. Rana ɗaya ce, ta farkon bisa tsohuwar kalandar Rasha aka ƙirga ta. Zazzaɓi ya taɓa masa ji tun yana yaro, bai gama makaranta ba, sai ya karantar da kansa a laburaren Mosko daga 1873 zuwa 1876. Ya koyar a Borovsk, sannan a Kaluga daga 1892.

Ginshiƙin aikinsa lissafi ne guda ɗaya. Gudun da roka za ta kai ya rataya ga abu biyu: saurin iskar da ke fita daga gindinta, da nauyinta cike da mai idan an gwada shi da nauyinta bayan man ya ƙone. Daga nan ya gane cewa albarushi ba zai kai roka gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa da ake buƙata don kewaya duniya ba, ya ba da shawarar haidurojin da oksijin da aka sanyaya har suka zama ruwa.

Shekarar wannan lissafi ita ce wurin saɓani. Takardarsa ta hannu tana ɗauke da 10 ga Mayu 1897, amma a Mayun 1903 mujallar Nauchnoye Obozreniye ta buga shi, kuma wannan ce ta fi cancantar a riƙe, domin ita ce kowa zai iya dubawa. Ba a daɗe ba editan, Mikhail Filippov, ya rasu, mujallar ta tsaya, ci gaban maƙalar bai fito ba sai 1911. Shi ya sa da Hermann Oberth ya fitar da littafinsa kan roka a Jamus a 1923, da yawa suka ɗauka sabon abu ne, har Tsiolkovsky ya sake buga nasa a 1924. Adalci ne kuma a ambaci Baturen Ingila William Moore, wanda ya riga shi irin wannan lissafi, sai dai a kan rokokin yaƙi.

A 1929 ya rubuta kan roka mai hawa-hawa, wadda ke yar da kowane sashe da mansa ya ƙare. Bai taɓa harba roka ba. Ya rasu a Kaluga ranar 19 ga Satumba 1935.