Yadda garkuwar jiki take tsare ƙofofin da cuta ke bi

Mafi yawan cututtukan da ke kama mu ba ta fata suke shiga ba. Suna bi ta hanci da baki da ido, su sauka a maƙogwaro ko huhu ko hanji. Waɗannan wurare an shimfiɗa musu wata 'yar fata mai laushi da danshi, kuma faɗinta ba kaɗan ba ne: cikin hanji kaɗai ya kai kusan murabba'in mita 30, alhali fatar waje ba ta wuce mita 2 ba.

Tsaro na farko shi ne majina, wadda muke ƙyama ba tare da sanin darajarta ba. Tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta kamar danƙo, sa'an nan wasu 'yan gasu ƙanana da ke hanyar numfashi su riƙa turo ta sama har mu tofar ko mu haɗiye. Abin da aka haɗiye kuwa, ruwan tsami na ciki ya kashe mafi yawansa. Hawaye da miyau su ma suna ɗauke da wani sinadari mai fasa bangon ƙwayar cuta, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922.

Daga nan za mu fahimci abin da ya sa sanƙarau ke tashi a ƙasashen Sahel lokacin ƙura da zafi. Busasshiyar iska tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar da take zaune a can ba ta cutar da kowa ta sami hanyar kutsawa cikin jini.

Tsaro na biyu ya fi ban mamaki. A jikin ƙaramin hanji akwai wasu 'yan curi da wani likita ɗan Suwizalan, Peyer, ya siffanta a 1677. Aikinsu ɗanɗana abin da ke wucewa. Idan suka gane maƙiyi, sai jiki ya ƙera masa makami na musamman da likitoci ke kira IgA, a zuba shi cikin majinar hanji da miyau da hawaye. Wannan makami yana lulluɓe ƙwayar cuta ya hana ta mannewa, ta fita da bayan gida ba tare da an yi kumburi ba. Kuma garkuwar ba ta yaƙar tuwo da furar da muke ci, haka ma biliyoyin ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanji suna tare wa masu cutarwa wuri.

Jariri yana zuwa duniya ba shi da wannan makami sai ɗan kaɗan. A nonon uwa yake samun sa, musamman dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. Saboda haka al'adar matse shi a zubar kuskure ce babba, ko da daga kakanni muka gaje ta.

Shi ya sa kuma ake ɗiga rigakafin shan inna a baki. Ƙwayar wannan cuta a hanji take hayayyafa, ta yaɗu ta hanyar najasa, don haka ɗigon yake koya wa hanjin kansa gane ta. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da nau'inta na asali.