Tsohuwar Kwamfuta da Direban Hoto: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin Sabuntawa

Yawancin kwamfutocin da ake aiki da su a makarantu, ofisoshi da shagunan buga takardu na Gaya, na hannu ne. Wasu sun shigo ta Kwatano da Malanville, wasu ta Kamba. Suna da ƙarko, amma sabunta tsarin Windows yakan iya ɓata musu hoto.

Mene ne direban hoto?

A cikin kowace kwamfuta akwai katin hoto, wanda ke fitar da rubutu da hotuna a kan allo. Direban hoto ƙaramar manhaja ce mai aikin tafinta tsakanin katin da Windows. Da Faransanci ana kiransa «pilote». Kamfanonin Intel, AMD da Nvidia ne ke ƙera mafi yawan katunan, su ne kuma ke rubuta direbobinsu.

Daga ina matsalar take?

Idan kati ya tsufa, kamfani yakan daina yi masa sabon direba. A shekarar 2021, Nvidia ya yi haka ga yawancin katunan GeForce 600 da 700. Shi ma Microsoft ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Idan sabon tsari ya gamu da tsohon direba, allo yakan yi baƙi, ko ya dinga ƙyaftawa, ko rubutu ya kumbura.

Kafin ku sabunta

1. Ku kwafe muhimman takardunku a filasha.
2. Ku buɗe «Gestionnaire de périphériques», ku rubuta sunan katinku a littafi.
3. Ku sauke direban da ya dace daga shafin kamfanin da ya ƙera katin ko kwamfutar, ku adana.
4. Ku cika batir. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya lalata tsarin.

Idan hoto ya ɓaci

Kada ku yi saurin sayar da na'urar. Ku tashe ta a «Mode sans échec», ku nemo sunan katin, ku danna «Restaurer le pilote». Tsohon direba zai dawo. Bayan babbar sabuntawa, Windows yakan ba da kwana 10 a koma tsarin baya.

Kada ku tilasta wa tsohuwar na'ura ɗaukar Windows 11, wanda ya fito a 2021. Yana bukatar sababbin kayan ciki. Ku tambayi mai gyara game da Linux Mint ko Lubuntu. Kyauta ne, kuma suna tafiya da tsofaffin katuna da dama.

Ku riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga ramukan iska, domin zafi ma yana ɓata hoto. Rigakafi ya fi magani.