Gurnanin lasifika: Yadda tsarin allon wuta da wayar ƙasa ke gyara sauti ko ɓata shi

A garuruwan yammacin Jihar Katsina irin su Batsari da Safana, lasifikar masallaci ba kiran sallah kaɗai take ɗauka ba. Da ita ake sanar da rasuwa da lokacin jana'iza, da ita ake cigiya, da ita masu unguwanni ke isar da saƙo. An ƙara ganin darajarta a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da waɗannan biyu da ke bakin dajin Rugu.

Sau da yawa amfilifayar da ke tura wannan sauti haɗin gida ce, ko kuma ta kanti da mai gyaran rediyo ya sake wa hanji da kayan da aka sayo a Katsina ko kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ƙorafin da aka fi yi a kanta shi ne gurnani, wannan ƙara mai kauri da ke bin muryar ladan. Masu hidimar masallaci kan ɗora laifin a kan jabun kaya, su sake fitar da kuɗi. Jabu na nan da yawa, amma galibi matsalar tana ga yadda aka shimfiɗa hanyoyin wuta a kan allo.

Aikin regileta

Wutar da kamfanin KEDCO ke rarrabawa a Kano da Katsina da Jigawa mai kai-da-komo ce, a ƙa'ida bolt 230, tana zagaye 50 a daƙiƙa. Na'urar sauti kuwa miƙaƙƙiyar wuta take so, irin ta batir. Don haka taransifoma ke rage ƙarfin wutar, diyod huɗu su juya ta fuska ɗaya, babban kapasita ya tara ta kamar randa, sannan regileta ta tace ta. Regileta ba sitabilaizar firji ba ce. 'Yar aba ce mai ƙafa uku da ba ta wuce kan yatsa ba. Biyu suka fi yawa a hannun masu gyara: 7812 mai ba da bolt 12, da LM317 wadda Robert Dobkin ya tsara a kamfanin National Semiconductor na Amurka a 1976, wadda ake iya saita ta da rezisto biyu. Iyakar LM317 amfiya ɗaya da rabi ce, saboda haka ta dace da sashen makirfo da ƙananan amfilifaya, ba babban sashen da ke tura lasifika huɗu ba.

Inda gurnanin yake shiga

Duk wutar da ta fita sai ta koma inda ta fito. Hanyar komawar ita ce layin sifili, wanda a zanen takarda ake nuna shi tamkar wuri ɗaya. A kan allo ba haka yake ba, domin jan ƙarfe ma yana da tasa turjiya ga wuta. Kaurin jan ƙarfen da ke kan yawancin alluna bai wuce kashi 35 cikin 1,000 na milimita ba. Layi mai faɗin milimita ɗaya da tsawon santimita goma yana da turjiyar kusan kashi biyar cikin ɗari na om. Adadi ne da za a raina, sai an duba irin wutar da ke bi ta kansa.

Babban kapasita ba a hankali yake cika ba. Kurɓa yake yi, sau 100 a kowace daƙiƙa, kuma kowace kurɓa takan ninka wutar da na'urar ke ci sau da yawa. Idan kurɓar ta kai amfiya uku ta bi ta wancan siririn layi, za a samu bambancin milibolt 150 tsakanin farkonsa da ƙarshensa. Abin da makirfo ke fitarwa kuwa 'yan milibolt ne kawai. To idan mai haɗi ya jona wayar sifilin makirfo a kan wannan layi, amfilifaya ba ta da hanyar bambance muryar liman da wannan kurɓa. Duka za ta ɗaga su tare. Ko da an sa kaya mafi tsada a kasuwa, gurnanin na nan daram.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Zagayen da ya taso daga taransifoma zuwa diyod zuwa kapasita ya koma, shi ne magudanar ruwan datti ta na'urar, kuma ba a haɗa magudana da bututun ruwan sha. A yi shi gajere, layukansa masu faɗi, a murɗe wayoyin taransifoma biyu da juna kamar igiya, kada a jona komai a tsakiyarsa. Daga ƙafar kapasita ta sifili sai a fitar da ɗan gajeren reshe mai kauri, a ƙarshensa a kafa mahaɗa guda ɗaya. Regileta ta kawo wayarta nan, sashen makirfo ya kawo tasa, lasifika ta kawo tata, kowa da hanyarsa, ba wanda ya hau bayan wani. Injiniyoyi na kiran wannan tsarin tauraro, saboda yadda wayoyin ke fita daga tsakiya. Mai aiki da allo mai huda-huda, wanda shi ya fi samuwa a shagunan gyara, sai ya kwantar da waya mai kauri a kan layin ya bi ta da dalma.

Ita ma regileta tana da nata sharuɗɗa. A LM317, rezisto mai om 240 ya zauna daf da ƙafar fitar wuta, domin bolt 1.25 da take aunawa a kansa shi ne ma'auninta; idan aka jona shi can nesa, asarar da ke kan layin ta shiga lissafi. Rezisto na biyu, misali mai om 2,000 don samun kusan bolt 12, ƙasansa ya tafi mahaɗa kai tsaye. Ƙaramin kapasita mai maikrofarad 0.1 ya manne da ƙafar shigar wuta. Sannan taransifoma ta koma can ƙarshen akwati, nesa da ramin makirfo.

Akwai tarko guda da ya cinye regileta masu yawa: kunnen ƙarfen 7812 a haɗe yake da sifili, amma na LM317 a haɗe yake da ƙafar fitar wuta. Wanda ya ɗaure LM317 a jikin akwati ba tare da shimfiɗar kariya ba, ya haɗa wuta da kansa.

Raunin wuta da zafin bazara

Regileta na bukatar rarar kusan bolt uku sama da abin da take bayarwa. Taransifoma mai bolt 15 takan ba da kusan 20 bayan an tace, idan wutar gari ta cika. Idan ta faɗo zuwa 180, abin da ba baƙo ba ne a ƙarshen dogayen layukan karkara, sai a koma wajen 15. Kapasita mai maikrofarad 4,700 kuma yana zubar da kusan bolt biyu tsakanin kurɓa da kurɓa idan ana jan amfiya ɗaya. An faɗo ƙasa da bukata ke nan, gurnani ya dawo, musamman da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa. Idan wutar ta cika kuma, rarar bolt takwas a amfiya ɗaya wat takwas ne na zafi, a garin da ma'aunin zafi ke taɓa 40 a watan Afrilu. Dole a sa faffaɗan alminiyam mai sanyaya ta, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu da ke toshe shi.

Masallatan da suka koma sola su lura cewa 7812 ba za ta yi aiki daidai a kan batir mai bolt 12 ba, domin ba rarar da za ta ci. A ja wayoyin amfilifaya biyu daga kan batir kai tsaye, kada su yi tarayya da na fanka ko na ƙwai.

Wayar ƙasa

Layin sifili na sauti ne, wayar ƙasa kuwa ta kare rai ce, kuma a nan ne ake yin ganganci. Wasu masu gyara sun gano cewa idan suka yanke wayar nan mai launin kore da rawaya, ko suka karya doguwar ƙafar fulogi, gurnani kan ragu. Yakan ragu ɗin, amma a yi tunanin ladan da ya fito daga alwala da jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi, ya kama makirfo na ƙarfe ranar da rufin wayar taransifoma ya narke. Jikinsa ne zai zama hanyar ƙasa. Abin da ya dace shi ne a ɗaure wayar ƙasa a jikin akwati da nata kusa da noti, a haɗa mahaɗar sifili da akwatin a wuri ɗaya tak. Haɗawa a wurare biyu ita ke ƙulla zoben da ke jawo gurnanin da ake gudu.

Sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa ma tana bukatar lura. Busasshiyar ƙasa mai yashi da tsakuwa, irin wadda ta yawaita a wannan yanki, ba ta karɓar wuta da kyau a lokacin rani. A nemi wuri mai danshi, kamar gefen magudanar alwala, a nitsa sandar sosai. Saboda wannan rauni, makashin wuta mai tsinkewa da kansa idan milamfiya 30 ta zurara ya cancanci kuɗinsa.

Kafin a biya kuɗin sabon kaya, mai kula da masallaci na iya yin gwaji da kansa. Ya zare makirfo, ya mayar da maɓallin ƙara sifili. Idan gurnanin ya ɗauke, a duba wayar makirfo da inda ta bi, musamman idan ta jera da wayar lantarki. Idan bai ɗauke ba, matsalar na cikin sashen wuta, aikin mai gyara ne. Shi ma ya cire fulogi ya sauke cajin babban kapasita da rezisto kafin ya sa hannu, domin yakan riƙe wuta bayan an kashe na'ura.